Saƙon da Aka Tsara Tun Jiya: Wa Ke Ɗauke da Nauyinsa?

Tsara saƙonnin kafafen sada zumunta shi ne a rubuta abin da za a wallafa tun kafin lokacinsa, a sa masa rana da sa'a, a bar wa manhaja ta sake shi idan lokacin ya yi. Kamfanoni da gidajen rediyo da ƙungiyoyin agaji da makarantu duk suna yin haka, kuma yana cikin ayyukan farko da ake ɗora wa ɗan koyo idan ya shiga sashen hulɗa da jama'a. A Najeriya yawancin masu koyon ɗalibai ne da suka fito horon sanin makamar aiki ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar ITF mai hedikwata a Jos ta ɓullo da shi a 1973, ko kuma 'yan bautar ƙasa da aka tura ofis. Ana ba su aikin ne don ana ganinsa mai sauƙi. Ta fuskar danna maɓalli kuwa da sauƙin, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar tambaya da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: mene ne matsayin maganar da ta fita a lokacin da mai ita ba ya wurin?

Kayan aikin ba su daɗe a duniya ba. An kafa Hootsuite a Vancouver ta Kanada a 2008, Buffer ta biyo baya a ƙarshen 2010 daga Birmingham ta Ingila, Facebook kuma ta bai wa masu shafuka damar sa wa saƙo lokaci a 2012. Yau Meta Business Suite tana haɗa Facebook da Instagram wuri guda. Kafin a kai ga manhaja, ɗan koyo yakan fara da jadawali: tebur a kwamfuta mai gidan rana, da gidan sa'a, da gidan dandalin da saƙon zai fita, da rubutun kansa, da hoton da zai raka shi, da sunan wanda ya amince. Ran Litinin da safe ana zama a cike gidajen mako guda ko wata guda. Oga ya duba, ya gyara farashi a nan, ya soke hoto a can, sannan a ɗora. Daga nan shafi zai yi ta magana da ƙarfe bakwai na safe da tara na dare, ko da wanda ya rubuta yana barci, ko yana cikin mota a hanyar gida, ko wayarsa ba caji.

Tambaya ta farko da mai tsoron Allah zai yi ita ce ko irin wannan shiri bai ci karo da tawakkali ba. Alƙur'ani a Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, ya hana mutum ya yanke cewa zai aikata abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba. Malaman tafsiri sun kawo cewa Ƙuraishawa ne suka yi wa Manzon Allah (SAW) tambayoyi kan samarin kogo da Zulƙarnaini da ruhi, ya yi musu alkawarin amsa washegari bai yi togaciya ba, sai wahayi ya jinkirta; ruwayar Ibnu Ishaƙ ta ce kwana goma sha biyar. Ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta sa abin da rai zai aikata gobe cikin abubuwan da Allah kaɗai ya sani. Mai karatu Kirista ya san irin wannan gargaɗi a Wasiƙar Yaƙub, sura ta 4, inda aka ja kunnen 'yan kasuwar da ke tsara tafiyar shekara da ribarta kamar ransu na hannunsu. Jadawalin wata guda kuwa alkawura talatin ne ko fiye, kowanne da sa'arsa.

Amsar wannan ba ta da wuya, kuma malamai sun daɗe da bayar da ita. Nassoshin ba su hana shiri ba, sun hana mutum ya ɗauka cewa shirinsa ne ke zartar da al'amari. Annabi Yusuf (AS) ya tsara wa Masar noma da ajiya na shekara bakwai don fuskantar wasu bakwai na fari, Alƙur'ani kuma ya kawo labarin a matsayin hikima. Tirmizi ya ruwaito cewa an umarci mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara ga Allah. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalansa abincin shekara. Imam Gazali, a babin tauhidi da tawakkali na Ihya'u Ulumiddin, ya yi dogon bayani kan ajiya, ya nuna cewa mai iyali bai fita daga tawakkali ba don ya tanadi na shekara. Ɗan koyon da ya cike jadawalinsa bai yi laifi ba. Ya ma fi wanda ke farkawa kowace safiya yana lalubar abin faɗa, har ya kwaso labarin da bai tantance ba don kada shafi ya kwana shiru. Shiri yana ba da lokacin bincike, da gyaran rubutu, da neman izinin mai hoto. Waɗannan duk alheri ne.

Wahalar tana wani wuri. Ajiye hatsi da ajiye magana ba ɗaya ba ne, domin hatsin bara yana ciyarwa bana, amma magana tana da lokacinta, kuma ma'anarta takan sauya da abin da ya faru kafin ta iso kunne. A daren 20 ga Yuli 2012 wani ɗan bindiga ya kashe mutum 12 a gidan sinima a Aurora ta jihar Colorado a Amurka. Da gari ya waye, shafin Twitter na mujallar American Rifleman, mallakar ƙungiyar masu bindiga ta NRA, ya gaishe da maharba cikin fara'a yana tambayarsu shirinsu na ƙarshen mako. Saƙon ya fito ta Hootsuite, ƙungiyar kuma ta ce wanda ya sa shi bai san abin da ya faru ba. Wata guda kafin haka, ran 16 ga Yuni, dandamalin wasan mawaƙan Radiohead ya rufta a Toronto ya kashe ɗaya daga cikin ma'aikatansu, aka soke wasan, amma bayan sanarwar sokewa wani shafin kamfanin Live Nation, mai shirya wasan, ya ci gaba da roƙon mutane su turo hotunan wasan daren. Babu kalmar ɓatanci ko ɗaya a cikin saƙonnin nan biyu. Da an wallafa su kwana ɗaya kafin nan, da ba wanda zai waiwaye su. Lokaci ne ya mayar da su rashin imani a idon masu makoki.

Aflatun, masanin falsafar Girka, ya hango wannan rauni na rubutu a littafinsa Phaedrus: rubutacciyar magana ba ta san wanda ya dace ta yi wa magana ba da wanda ya dace ta yi wa shiru, in kuma aka tuhume ta ba ta iya kare kanta sai mai ita ya zo. Saƙon da aka sa wa lokaci ya ƙara wa wannan rauni wani, domin yana fitowa da kamannin magana ta yanzu. Mai karanta littafi ya san an rubuta shi tuntuni. Mai duba waya kuwa yana ganin "yanzu" ko "minti biyu da suka wuce" a saman saƙo, sai ya ɗauka akwai mutum a zaune a ɗaya ɓangaren, wanda ya ji abin da kowa ya ji yau.

To wa ke da alhaki? Mai neman mafita zai iya cewa an ɗauke alƙalami daga mai barci, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, saƙon kuma ya fita yana barci. Wannan hujja ba ta tsayawa. Malaman fiƙihu sun bambanta wanda ya aikata abu da hannunsa da wanda ya zama sanadinsa, kuma ba su wanke na biyun ba idan ya yi sakaci. Misalin da suka fi kawowa shi ne wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da izini ba: in wani ya faɗa cikin dare, ramuwa tana kansa ko da yana kwance a gida, domin aikinsa ya auku ne ranar haƙawa. Akwai kuma ƙa'idar da ta daidaita rubutu da furuci. Ranar da ɗan koyo ya danna maɓallin tsarawa, ranar ya yi maganar; abin da ya rage isarta ne kawai. Suratu Ƙaf ta ce akwai mai tsaro ga kowace kalma, Suratu Yasin kuma ta ce ana rubuta abin da mutane suka gabatar da kuma gurabun da suka bari a bayansu. Manhaja ba ta da niyya, ba ta da hankali, ba a hisabi da ita. Nauyin bai da inda zai sauka sai kan ɗan Adam.

Sai dai adalci ya hana a tsaya nan. A ɗauki 'yan koyo biyu da suka tsara tallar atamfa iri ɗaya, da raha iri ɗaya, don safiyar Asabar. A garin na farko dare ya wuce lafiya. A garin na biyu gobara ta tashi a kasuwa da asuba, tallarsa ta fito tsakiyar hotunan hayaƙi da kukan waɗanda suka yi asara. Jama'a za su la'anci na biyu, ba wanda zai ko lura da na farko, alhali abu ɗaya suka yi. Masana falsafa biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara kan wannan a 1976, wato yadda sa'a ke shiga cikin yabo da zargin da ake wa mutum. Musulunci yana da hanyar warware shi: hadisin farko a Sahihul Buhari, wanda Umar ɗan Haɗɗabi ya ruwaito, ya rataya ayyuka ga niyya, kuma ba a kama mutum da gaibun da bai sani ba. Saboda haka na biyu bai yi zunubin izgili ga masu asara ba, don bai nufa ba. Abin da za a tambaye shi, kuma a tambayi na farko daidai wa daida, shi ne ko sun bar ƙofar gyara a buɗe. Wanda ya tsara ya tafi bai sake waiwaya ba ya yi sakaci ko gobara ta tashi ko ba ta tashi ba. Ɗayan dai Allah ya rufa masa asiri ne.

A nan ne togaciyar Suratul Kahfi ta zama aiki na hannu. Ba a buƙatar a rubuta "in sha Allahu" a gindin kowace talla. Abin da ake buƙata shi ne a riƙi jadawali a matsayin niyya da za a iya warwarewa. Ofisoshin da suka san aikinsu suna koya wa ɗan koyo ya duba labarai kafin saƙon farko na rana ya fita, ya san inda ake dakatar da duk layin saƙonni da dannawa ɗaya, ya kuma san wa zai kira in abu ya faru tsakar dare. Fiƙihu ya san irin wannan magana mai jiran lokaci: wasiyya ba ta zartuwa sai bayan mutuwa, kuma mai ita yana da ikon sauya ta muddin yana raye. Shirin kansa ma yakan karye ta inda ba a zata ba. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke kusan sa'a shida a duniya baki ɗaya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Jadawalai da yawa sun zama takardar banza a waɗannan ranaku.

Musulmi a Najeriya da maƙwabtanta yana da darasi a kan haka kowace shekara. Gaisuwar azumi da ta Sallah su ne saƙonnin da kowane shafi ke son ya riga kowa, kuma su ne ba a iya sa wa rana tabbatacciya. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, sai an ga jinjiri. A Najeriya ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, kuma wasu shekarun Nijar takan yi Sallah a ranar da Najeriya ke azumi. Shafin da ke da mabiya a Kano da Maraɗi da Kumasi da Khartoum yana magana da mutanen da agogonsu ma ba ɗaya ba ne: Gana tana bayan Najeriya da sa'a guda, Sudan tana gabanta da sa'a guda. Ɗan koyon da ya ƙware yakan shirya hoton da rubutun tsaf, ya ajiye su ba rana, ya zauna da rediyo ko waya a daren 29. Da wuya a sami hoto mafi kyau na shiri da tawakkali a haɗe.

Tambaya ta gaba ta gaskiya ce. Wanda ya rubuta "barkanmu da asuba" da la'asar ɗin Talata don ta fita safiyar Juma'a, ya yi ƙarya? Bai yi ba. Al'ada ta san wannan tun zamanin wasiƙa, inda ake yi wa mutum fatan takarda ta same shi lafiya alhali sai bayan mako za ta isa, da zamanin shirin rediyo da ake naɗa tun da wuri. Gaisuwa fata ce, ba shaida ba. Inda aka ƙetare iyaka shi ne a ba da labarin abin da bai auku ba tukuna kamar an gani da ido: "kaya sun iso" alhali mota tana hanya, "taro ya yi armashi, mun gode wa ɗimbin jama'ar da suka halarta" alhali ko kujeru ba a jera ba. Ko abin ya zo ya tabbata daga baya, mai rubutun ya shaidi abin da bai sani ba. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarci a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma wanda ake nema ya tantance labarin wani ya fi cancanta ya tantance nasa.

Addu'a ta fi gaisuwa nauyi, kuma a nan ya kamata a yi hattara sosai. Shafuka da yawa suna jera saƙonnin Juma'a na wata uku a zama ɗaya, kowanne da aya ko addu'a a kan hoton masallaci, da tambarin kamfani a kusurwa. Yana yiwuwa wani ya karanta ya tuna Allah, kuma ana fatan lada ga wanda ya yi nuni zuwa ga alheri. Amma Tirmizi ya ruwaito gargaɗi kan addu'ar da ta fito daga rafkananniyar zuciya, kuma wanda ya kwafo addu'o'i goma sha uku cikin rabin sa'a don cike gidajen tebur ya san halin da zuciyarsa take ciki. Ya fi muni idan ma'aunin nasarar saƙon shi ne yawan waɗanda suka rubuta "amin", don a kai wa oga rahoton ƙarshen wata. Kasuwanci halal ne, tunatarwa ma alheri ce, amma mayar da ambaton Allah ƙugiyar jawo masu saye abu ne da ya kamata ya dami mai yinsa. Akwai kuma haɗarin kuskure: ayar da aka yanke ba daidai ba, ko maganar da aka jingina wa Manzon Allah (SAW) ba tare da an bincika ba, in ta shiga jadawali za ta fita ba mai tsayar da ita, kuma sai ta zaga wayoyi dubu kafin a goge.

Zaɓen sa'a ma yana da nasa hukuncin. Manhajojin suna nuna lokacin da mabiya suka fi yawa a kan waya, ɗan koyo kuma ana koya masa ya nufi wannan lokaci. A watan azumi yakan zama bayan buɗa-baki, da bayan asham, da lokacin sahur. Babu laifi a yi magana sa'ad da mutane ke saurare. Mai shela ma yakan jira ranar kasuwa. Amma wanda ya san cewa saƙonsa zai riƙe matashi a kan waya ana kiran salla, ko ya nufi tsakar dare da tallar bashi mai ruwa don a lokacin ne mai damuwa ya fi rauni, ya yi amfani da saninsa a kan mutane, ba don su ba.

Matsayin ɗan koyo shi kansa yana ƙara wa lamarin sarƙaƙiya, domin da bakin wani yake magana. Shafin ba nasa ba ne, sunan ba nasa ba ne, lambar sirrin da aka ba shi amana ce. A fiƙihu wakili ne, kuma wakili ba ya wuce iyakar da aka yi masa. Ba ya zuba ra'ayinsa na siyasa a shafin makaranta, ba ya kwashe lambobin masu saye don wata harka tasa. Amma wakilci bai shafe hankalinsa ba. In aka ce ya tsara tallar maganin da ake cewa yana warkar da kowace cuta, ko ya rubuta shaidar yabo da sunan abokan cinikin da babu su, cewa "oga ne ya sa ni" ba za ta wanke shi ba, domin babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci. Wannan yana da nauyi ga yaron da ke buƙatar sa hannun oga a littafin rahoton horonsa kafin makaranta ta ba shi maki, kuma ba daidai ba ne a raina wannan nauyi. Mafi yawan alhakin yana kan wanda ke da iko, wanda ya ɗora wa sabon shiga abin da shi da kansa zai ji kunyar sa wa hannu. Shi ya sa gidan "wanda ya amince" a jadawali ba ado ba ne: yana nuna wanda ya ɗauki maganar a wuyansa.

Saura batun abin da ke ci gaba da fita bayan mutum ya bar wurin. Galibin malamai suna ganin wakilci yana ƙarewa da mutuwar wanda ya wakilta, kuma wakili ɗan Adam in ya ji rasuwa yakan tsaya. Manhaja ba ta jin rasuwa. Shafin mamaci yana iya yin raha ran sadakar uku, in ba wanda ya san yadda zai shiga ya dakatar. Facebook ta fito da tsarin naɗa magajin shafi a 2015, amma saƙonnin da ke layi a wata manhaja dabam sai wanda ke da lambar sirrinta. Muslim ya ruwaito cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwa ban da sadaka mai gudana, da ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai addu'a. Ya kuma ruwaito cewa wanda ya assasa mummunar hanya yana da kaso cikin zunubin masu binsa. Abin da aka bari a layi yana iya faɗawa kowane ɓangare.

Ƙarshen horo ƙaramin misali ne na wannan rabuwa. Bayan wata huɗu ko shida ɗalibi yakan koma makaranta, sau da yawa ya bar saƙonnin makonni a jere, da farashin da zai iya sauyawa da alkawuran da ba shi zai cika ba. Miƙa aiki yadda ya kamata ya ƙunshi ya zauna da wanda zai gaje shi su bi layin ɗaya bayan ɗaya, a goge wanda ba mai iya tsaya masa, a rubuta sunan sabon mai kula a gaban kowane wanda ya rage, a sauya lambobin sirri, sannan a cire shafin daga wayarsa kafin ya yi sallama.